Uwar Da Aka Rubuta Ta Ƙi

Likita, ka ce mutanen ƙauye ba sa son gwajin magani. Ajiye takardun nan tukuna, ka ji wani misali.

An yi wani ƙaramin asibiti da aka kai wa gwajin sabon maganin sikila na yara. Wata shida ana fama kafin a fara. Izini ya maƙale a ofis, firjin magani ya iso babu wuta, sai da aka kafa sola. Da komai ya kankama aka ce ran Alhamis za a rufe rajista. Ran Laraba wata matashiya ta iso daga ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, goye da yaro ɗan shekara biyu, yatsunsa a kumbure. Malamin rajista, ɗan birni mai sauri kamar ana korarsa, ya ce ta faɗi sunan yaron. Ta sunkuyar da kai. Ya tambaya ko tana so a sa shi, ta ja mayafi ta rufe baki. Shi kuwa an koya masa ba a tilasta wa kowa, kuma gaskiya ne. Sai ya rubuta "ta ƙi", ya kira na gaba.

Wata tsohuwar nas ta lura matar ta fita amma ba ta kama hanya ba. Tana bakin baranda tana murza ƙafafun yaron, hawaye na ɗiga a kansu. Nas ta zauna kusa da ita, ta ce, "'Yata, na fari ne?" Ta gyaɗa kai. To, a wajensu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna sonsa a gaban baƙo. Kunya ce ta ɗaure bakin matar da ta keto taɓo tun asuba. Aka tura ɗan acaba ya ɗauko kakar yaron. Kaka ta faɗi suna, aka yi musu bayanin komai, har da cewa ba a san ko maganin zai yi ba, uwar ta dangwala yatsa da kanta.

Da aka koma cikin rajista sai ga "ta ƙi" har tara, bakwai duk iyayen 'ya'yan fari. Cikin bakwai ɗin, biyu kaɗai aka iya cimma kafin Alhamis ta wuce. Sauran biyar ɗin har yau suna ba ni tausayi, don sun koma gida suna zaton asibiti ne ya ƙi su.

Saboda haka kafin ka rubuta an ƙi, ɗaga kai daga takarda. Hausawa sun ce, labarin zuciya a tambayi fuska.