Ranar da Tabarma Ta Ƙi Inna

Inna Tabawa da jikarta Zinatu su biyu ne kaɗai a gidansu. Abinci bai gagare su ba, maganin hawan jinin Inna ne ya ƙare.

Tun da masu bincike suka ce yoga tana taimaka wa masu hawan jini, hukuma ta kafa doka. Ba a ba kowa ƙwaya sai ya zauna a kan tabarmar asibiti, ya tanƙwashe ƙafa, ya daidaita numfashi har tabarmar ta yi kore. Masu binciken ba su ce a daina shan magani ba, amma manyanmu ba su da haƙurin karatu har ƙarshe.

Inna ta zauna da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara. Tabarma ta yi ja.

"Iya, ki kwantar da hankalinki mana," in ji ma'aikacin, idonsa a kan wayarsa.

"Ɗan nan, miƙo ƙwayar ka ga kwanciyar hankali. Tun ba a haifi ubanka ba nake numfashi, ba wanda ya koya mini."

"To, yau dai kin faɗi. Ki dawo jibi."

Zinatu ta ce bari ita ma ta gwada. Tana zama, tabarma ta yi kore shar.

Ma'aikacin ya yi dariya. "Kin ga wadda ta cancanci magani. Sai dai ita lafiyarta ƙalau, ba za a ba ta ba."

Zinatu ta kama hannun Inna ta tashe ta. A ranar ta gane cewa tabarmar ba ta yin kore sai ga wanda ba ya buƙatar magani.