Sitiyarin Motar Kafil

"Har yanzu hagu take ja!" in ji mijina Nu'uman, direban da bidiyon waya ya mayar injiniya.

Karafan ce, irin motar da ake kwana a ciki, ta kafil ɗinsa, Balaraben da ya ɗauko shi aiki. Kafil ya rantse in ba ta miƙe ba kafin Juma'a, babu sabunta iƙama, takardar izinin zamanmu a ƙasar.

Nu'uman ya canja tayoyi, ya canja shokozoba. Ni kuwa na san dalili. Ɗakinmu na unguwar Al-Shifa ba wuri, shi ya sa na ɓoye buhunan geron furar da nake sayarwa a ƙarƙashin gadon motar, gefen hagu.

Ranar Alhamis na kasa jurewa, na lallaɓa na kwashe su. Ashe da safen ranar ya kai an saita sitiyarin da nauyin a ciki.

"Turai, yanzu kuma dama take ja!"

Na ce, "Injiniya, je ka yi wanka, ka sake gwadawa."

Na mayar da buhunan. Mota ta miƙe samɓal.

Nu'uman ya buga katin talla, wai shi ƙwararren injiniya. Ni har yau na kasa haɗa ido da shi. Kafil kuwa yana can sahara yana yawo da gerona.