Agwagwar da Baba bai yanka ba

Har yau hancina bai manta warin jiƙaƙƙen kare na yinin nan ba. Ina ƙarama, wani Bature maƙwabcinmu ya gayyaci Baba wani fili bayan garin Gaithersburg, a ƙasar wajen da muke zaune, inda ƙungiyarsu ke gwada karnukan farauta. A cilla agwagwa sama a harbe, kare ya faɗa tafki ya ɗauko.

Baba ya yi farauta a Nijar kafin ya zama direba. Da wani baƙin kare ya kawo agwagwa tana shure-shure, sai ya zaro 'yar wuƙarsa ya durƙusa zai yanka, kada ta zama mushe.

Wata mata mai usur a wuya ta daka masa tsawa, wai ya mayar da wuƙar, akwai yara a wurin. Ni kaɗai ce yarinya a filin.

Wani ya murɗe wuyan agwagwar, ya jefa ta bokiti kan 'yan uwanta. Gobe ma su za a cilla wa karnuka.

A mota Baba ya ce, "'Yata, ashe ba ci za su yi ba?"

Su suka kashe don wasa, amma ubana aka kalla kamar mugu. Wallahi ban yafe ba.