Yaron da Ya Shiga Kwamfuta da Suna Biyu

Na ji kin ce, Sahura, ba ki ga amfanin zuwa taron ƙungiyarmu ta masu kula da bayanan marasa lafiya ba, tunda aikinki yana tafiya daidai, kwamfutarki kuma ba ta taɓa ba ki kunya ba. Ni ma da kike gani ba son taro nake yi ba, kujerun nan ciwon baya suke sa mini. Amma zauna in ba ki wani misali.

An yi wani mutum a wani ƙaramin asibiti, shi ke kula da kwamfutar da ake zuba bayanan marasa lafiya. Gwani ne, ba zan rage masa komai ba. Da kansa ya tsara yadda ake shigar da kowa, da ciwon da ya kawo shi, da maganin da aka ba shi, yadda in likita ya danna suna sai tarihin mutum ya fito tsaf. Ba girman kai ne ya hana shi zuwa ƙungiya ba. Hanya ce da nisa, ga shi shi kaɗai ne a ofis, in ya ɗaga ƙafa sai layi ya kai bakin titi. A ganinsa kuma taro surutu ne da cin shinkafa, wanda ya san aikinsa me zai je nema?

Wata rana wata mata ta kawo ɗanta na fari, zazzaɓi ya kwantar da shi. Mutumin ya tambayi sunan yaro, sai ta sunkuyar da kai. Ke ma kin sani, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Can ta ce Ɗanlami, don ranar Alhamis ta haife shi. Sunan uba fa? Wannan ma ba mai fitowa daga bakinta ba ne, ta ce Malam. Haka ya shigar. Aka yi wa yaro allura, ashe ba ta karɓe shi ba: fuska ta kumbura, numfashi ya sarƙe, da ƙyar aka shawo kansa. Likita ya ce a sa gargaɗi kada a kuskura a sake yi masa irinta. Mutumin ya sa, har da jan rubutu, a ƙarƙashin sunan Ɗanlami.

Bayan damina ciwo ya dawo wa yaron. Uwar tana jego, sai baffansa ya ɗauko shi a babur. Baffa kuwa babu wata kunya tsakaninsa da suna, ya faɗi na yanka da na uba rangaɗaɗau. Kwamfuta ta duba ba ta san wannan yaro ba, sai ta buɗe masa sabon shafi fari fat. Likitan da ke aiki ranar baƙo ne, ya duba bai ga gargaɗi ba, ya rubuta allurar nan. Wannan karon ba a shawo kansa ba. Waɗanda suke gidan sun ce ranar ce aka fara jin uwar ta kira sunansa na yanka, tana kira tana ƙarawa. Har yau in na tuna wannan sai zuciyata ta karye.

Babu wanda ya tuhumi mutumin, aka ce kwana ne ya ƙare. Amma shi da ya bi diddigi ya ga shafi biyu na yaro ɗaya, sai ya gane inda aka yi kuskuren. Da taron ƙungiya ya zagayo ya rufe ofis ya tafi, ya miƙe a gaban mutanen da bai sani ba, ya ba da labarin, yana zaton wani sabon abu ya kawo musu. Sai wata dattijuwa daga wani asibiti ta share ido da gefen mayafinta ta ce, “Ɗan’uwa, da ma ka zo bara. Mu ma ya same mu, namu dai Allah ya yi da sauran kwana.” Ashe tun a lokacin suka zauna suka tsayar da magana: duk yaron da aka kawo a tambayi na yanka da wanda ake kiransa a gida, in uwa ce ta kawo ɗan fari kada a matsa mata, a tambayi ’yar rakiyarta, kuma kwamfuta ta riƙa neman mutum da kowane suna. Abu ƙarami, ba ya buƙatar gwaninta. Shi dai bai ji ba ne.

Ya koma kujerarsa ya rufe fuska da hannu. Ba wanda ya ce masa “ka gani”. Su ma sun gane sun tsayar da magana mai kyau sun bar ta a ɗakin taro, ba su kai ta ga irinsa da ke can lungu su kaɗai ba. Kafin a tashi aka raba garuruwa, kowa ya ɗauki asibitocin da zai taka da ƙafarsa ya kai musu. Mutumin nan ya ce a ba shi mafi nisa. Gwanintarsa duk ba ta hango masa abin da zama ɗaya da ’yan’uwa zai nuna masa ba, su kuma saninsu bai ceci yaron ba tunda bai isa inda ake buƙatarsa ba. Gaskiyar masu iya magana ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.