Ɗan Kaman Da Ya Kai Ƙarar Dariya

Tunda ka shigo kana huci don an yi maka ba'a a majalisa, zauna ka sha ruwa in ba ka wani misali.

A zamanin da rediyo bai shiga ƙauyuka ba, an yi wani ɗan kama da ke bin kasuwannin ƙasar Gumel. Ba shi da ganga, ba shi da muryar waƙa. Abin da Allah ya ba shi kwaikwayo ne, kallo ɗaya ya ishe shi ya ɗauke mutum. Zai yi maka yadda ladanin gari ke tari kafin kiran salla, da yadda dillalin awaki ke rantsuwa yana kallon gefe, da tafiyar amaryar da ta aro takalmi, har mutane su riƙe ciki suna hawaye. Wanda ya fi shan wuya a hannunsa wani gyartai ne mai ɗingishi, da ke zama a gindin tsamiya yana ɗinke fasassun ƙorai. Duk ranar kasuwa da ɗingishinsa ake buɗe wasa, da shi ake rufewa. In wani ya ɓata rai, amsar ɗan kama ba ta canzawa: "Haba, wasa ne." Gyartai kuwa ba a taɓa ganin ya ɗaga kai daga aikinsa ba.

Shekaru suka ja, haƙoran ɗan kama na gaba suka zube. Wata ranar kasuwa yana tsakiyar wasa, sai gyartai ya ajiye ƙwaryar da ke hannunsa ya ɗingiso cikin fage. Ya turo hula gaban goshi, ya kanne ido, ya tsotse leɓe irin na mai wawulo, ya ɗauko zance. Daidai inda za a yi dariya sai ya dakata, yana leƙen aljihun wanda ya fi kowa kyan riga. Ba wanda bai gane ko wa ake nufi ba. Ashe duk shekarun nan kallo yake yi. Kasuwa ta kaure da dariya, ban da ɗan kama. Shi wajen sarkin kasuwa ya nufa ya kai ƙara, wai an ci mutuncinsa a bainar jama'a. Sarkin kasuwa bai ga abin da ya faru ba, don haka ya ce a nuna masa. Gyartai ya ce ƙafarsa ta gaji. Ɗan kama ya miƙe a fusace ya ce, "Ga abin da ya yi!" Ya turo hula, ya kanne ido, ya leƙa aljihun sarkin kasuwa, ya kuma haɗa da ɗingishin gyartai, don jiki ya riga ya saba. Ya yi abin fiye da yadda gyartai ya yi, sai da rawanin sarkin kasuwa ya warware don dariya. A nan shari'a ta watse.

Daga ranar, duk kasuwar da ya shiga ba mai son ganin ladan ko dillali. Cewa ake, "Yi mana kanka!" Da ya yarda, da ya ci abinci da wannan har ƙarshen ransa, don bai taɓa yin wasan da ya kai shi ba. Ya ƙi. Ya naɗe tabarmarsa ya koma garinsu yana sayar da igiya, in aka yi dariya a bayansa sai ya waiwaya. Yau ba wanda ya riƙe sunansa, amma tsofaffin wajen in za su tsokani makwaɗaici, sukan turo hula su kanne ido su leƙa aljihu.

Kai ma ka daɗe kana sa majalisa dariya da mutane. Yau an juyo kanka, ka kasa cin tuwo. Hausawa sun gama magana: wanzami ba ya son jarfa.