Fada Mai Ƙamshin Riɗi

Mus'ab ya sake zagaya kasuwar hatsi, ya danna hon kamar mai wuce babbar mota, ya ce wa mahaifinsa sun bar Gadarif a baya. Baba Ibrahimu ya gyaɗa kai a kujerar gefe, sandarsa tsakanin gwiwoyi, idanunsa da suka daina gani suna fuskantar gilashi.

Bakin Mus'ab ne ya jawo masa. Ranar da likita ya ce idon tsohon ba zai dawo ba, ya daki ƙirji gaban dangi da maƙwabta, ya rantse zai kai shi garin Mai Wurno ya sake taka fadar Sarki, wadda ya shiga sau ɗaya yana yaro. Sai yaƙi ya rufe hanyar Sinnar da ake bi zuwa can, tsoho kuma kullum ƙara ramewa yake. Bai taɓa tuna masa alkawarin ba, shirun nan kuwa ya fi zagi ciwo. Mus'ab ya koma fita tun tsohon bai gama lazimi ba, ya ci abinci a tasha, in ya dawo ya wuce ƙofar ɗakinsa a sanɗa. Kunya ta raba shi da ubansa suna gida ɗaya.

Abdulhakim, mai gadin wani makhazan, wato babban ɗakin ajiyar riɗi, a bayan gari, shi ya tari Mus'ab wurin mai jabana, inda ake shan gahawa. Cikin hira ya ce ai fada ga makaho gini ne mai faɗi da amsa-kuwwa, makhazan kuwa fayau yake kafin kaka. Mus'ab ya juya maganar, ya juya, har ya wayi gari ya tabbata shi ya ƙirƙiro ta.

Ya aro mota, ya aro darduma wurin masu hayar rumfar biki, ya sayo turaren wuta mai yawa don ya danne ƙamshin riɗi. 'Yan dakon da za su zama fadawa ma sai da ya naɗa musu rawani. Rawani, don makaho! Sai da ya gama naɗin ya tuna.

Rana ta take tsaka suka tsaya a gaban makhazan, bayan ya ƙona mai a banza yana kewaya gari.

"Baba, akwai tudu," ya ce a bakin ƙofa. Tsohon ya riga ya ɗaga ƙafa.

'Yan dako suka ɗauki murya: "Gyara kintsi!" Suka jero sunayen sarakunan da suka shuɗe ɗaya bayan ɗaya, kowa da kirarinsa, babu tuntuɓe. Mus'ab, da ko biyu bai sani ba, ya ce a ransa ashe talakawan nan suna da karatu.

Daga nan baki ya buɗe wa Mus'ab, ya shiga kwatanta wa tsohon fada. Ya ga zinariya a rufin kwano. Ya ga hauren giwa a jikin ginshiƙan ƙarfe, ya ga takubba inda igiyoyin ɗinkin buhu suke rataye.

"A da dai ƙasa ce da azara," in ji tsohon.

"An yi gyara, Baba."

"Kwayyis, ya yi kyau."

Hannun tsohon ya sauka kan babban ma'aunin buhu. Mus'ab ya yi maza ya ce matakalar karagar mulki ce. Baba Ibrahimu ya shafa ƙarfen a hankali, ya cire takalmi, ya zauna kan darduma.

Ya daɗe yana magana, ba da ƙarfi ba. Ya ce sarakunan nan sun bar dawakai da soraye a yamma, can ƙasar Hausa, suka tako da ƙafa, mai rawani da mai riƙe masa buta ƙura ɗaya suka sha. Wanda a da ba a ɗaga ido a gabansa, ga shi yau sai an yi lalube a tuna sunansa. Ya yi 'yar dariya ya ce su kuma jikokin masu buta, da suke cika baki da sarautar da ba tasu ba, buhu suka gada. Sannan ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a, hawaye na bin gemunsa. Tattabaru suka yi fiffike a sama.

Ya laluba ya kamo wuyan hannun ɗansa. "Ka cika alkawari, Mus'ab. Khalas, shi ke nan, ba na binka komai."

Wani daɗi ya kama Mus'ab. A hanyar komawa ya ƙara zagaye ɗaya don tafiyar ta yi tsawo. A gida ya zauna suka ci tuwo kwano ɗaya, ya riƙa tura wa tsohon nama gabansa, suka yi hira har aka kira la'asar.

Washegari ya koma makhazan ɗaukar darduma, yana tafe yana taƙama. Ya ba Abdulhakim hannu, ya ce wallahi ya yi kuskuren sana'a, da wasan kwaikwayo ya shiga da yanzu an san shi har Bur Sudan. Ko alama tsohon bai gane ba!

Abdulhakim ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ci gaba da naɗe darduma.

"Ya zol, bawan Allah, kai kaɗai aka yi wa wasan. Babanka ne ya aiko a kira ni, ya zo nan da kansa ya taka wurin, ya koya wa yaran nan kirari. Ya ce ɗansa ya ɗauki kayan da suka fi ƙarfinsa har ya daina shiga ɗakinsa, mu taimaka a sauke masa, kuma duk ƙaryar da ka shara kada wanda ya yi dariya."