Koren Yadin Motar Baba

"Wannan ma ba shi ba ne!" Ya jefar da ƙyallen a kan teburin mai ɗinkin kushin. Samfur na bakwai ke nan cikin wata tara, duk daga kamfanin motar, amma babu wanda ya yi kama da koren yadin da ke kujerun tsohuwar motar marigayi babansa.

"Yallabai, ga mai araha nan, kusan kalarsu ɗaya," in ji mai ɗinki. "Motarka ta cinye mini rabin shago."

"Araha ba ta ado. Na asali nake so, irin wanda Baba ya zauna a kai."

Ransa a ɓace ya yanko guntun tsohon yadin ya tafi gida. Mahaifiyarsa ta karɓa, ta murza shi, sai ta yi dariya har da hawaye.

"Wane kamfani? Labulen ɗakina ne. Kai ka ƙona kujerun da ashana kana ƙarami, babanka ya rufe da shi. Ragowar tana ƙasan akwatina. Wata tara kana tambayar duniya, ni ba ka tambaye ni ba."